Kaskon Hajiya da Butar Amarya

A Tudun Wadan Zariya an yi wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya Babba. Da abu biyu aka san ta a unguwa, tsabta da turaren wuta. Kaskonta ba ya kwana a mace. Da daddare takan binne garwashi a toka, da asuba ta tone shi ta ƙara gawayi, kafin liman ya sallame ƙamshi ya kai zaure. Daga Maiduguri ake kawo mata turare. Hancinta kuwa ba ya kuskure. Mace za ta shigo gaishe ta, kafin ta gama zama Hajiya ta gaya mata irin humrar da ta shafa, da kuma ko mai haɗawar ta yi mata algus.

Autanta Habu direban babbar mota ne, yana jigilar hatsi zuwa kudu. Da ya tashi aure sai ya gyara sashen da ke ƙuryar tsakar gida, ɗaki da falo da ɗan kicin a manne, ya auro wata yarinya daga Kaduna mai suna Zulai. Cikin kayan ɗakinta har da murhun gas mai kai biyu da tukunya mai cin kilo 12.5. Ranar jere Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙare wa tukunyar kallo, ta ce ita shekara 40 tana tuƙa tuwo a kan itace ba ta taɓa barin kowa da yunwa ba, amma tunda zamani ya zo da abinsa, Allah Ya sa alheri. Daga nan ba ta ƙara bi ta kanta ba.

Amaryar ce ta shiga ranta. Zulai yarinya ce mai kunya ta gaske. Ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, in za ta gaishe ta tun daga nesa take durƙusawa, in Hajiya ta yi magana amsarta ɗaya ce, "To, Hajiya." Wata bakwai da tarewarta ba wanda ya taɓa jin muryarta ta haura katanga. Hajiya takan gaya wa maƙwabta cewa Allah Ya yi wa Habu gyaɗar dogo, irin waɗannan 'ya'yan sun yi wuya yanzu.

A gidan kawunta Zulai ta tashi, shi kuma sana'arsa ɗura gas. Duk hutun makaranta a shagonsa take wuni tana rubuta masa lissafi. Kawu mutum ne mai son bayani, duk wanda ya kawo tukunya ɗuri sai ya sha karatu kafin ya karɓi canjinsa. Yakan ce shi gas asalinsa ba shi da wari ko kaɗan. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai zuba masa ake yi da gangan, wani sinadari ne dangin farar wuta, don hanci ya riga wuta samun labari. Sai ya kawo zancen wata makaranta a jihar Tekzas ta Amurka, inda a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin gini ba wanda ya sani, wani malami ya kunna injin goge katako, makarantar ta tashi da mutum kusan 300, akasarinsu yara. Bayan wannan ne jihar ta kafa doka cewa tilas a sa wa gas wari. Yakan ƙara da cewa wancan na bututu ne, irin na layin Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kuma ya fi iska rashin nauyi, in ya tsiyaya sama yake yi. Namu na tukunya kuwa ya fi iska nauyi. In ya fita ƙasa yake kwanciya, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa kamar ruwa, ya nemi kwari ya zauna. Masu saye su gyaɗa kai suna duban agogo. Zulai ta ji wannan karatu har ta haddace shi ba tare da ta yi niyya ba.

Aka shiga hunturu, sanyin Zariya ya sauko da ƙarfinsa. Kowa ya rufe tagogi, ya tura tsumma a ƙasan ƙofa saboda ƙura. Ɓeraye ma suka bar rumbu suka nemi inda ke da ɗumi da ɓurɓushin abinci. A makon ne Habu ya ɗauki lodi ya yi kudu, Hajiya ta ce bai kamata amarya ta kwana ita kaɗai ba, ta turo mata jikokinta biyu da suka zo hutu, Ummi mai shekara 11 da ƙanenta Abba mai 5. Aka shimfiɗa musu katifa a ƙasa a falo, taku uku daga ƙofar kicin.

Al'adar Zulai ce in ta gama girki ta fara kashe gas daga kan tukunya, ta bari wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan ta murɗa murhu. Daren nan ma haka ta yi, ta shiga ɗaki ta kwanta. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya Abba ya tashi da tari, Ummi ba ta so ta tashi Anti, sai ta lallaɓa ta buɗe regileta ta ɗumama masa ruwa. Ta murɗa murhu ta kashe yadda ta ga ana yi a gidansu, ta koma ta kwanta. Kan tukunya ya kwana a buɗe. A bayan kabad kuwa, inda tiyon ya ratsa jikin bango, wani ɓera ya samu abin gwada haƙori.

Kiran sallar farko ne ya tashi Zulai, kanta ya yi nauyi, bakinta ba daɗi. An ɗauke wuta tun tsakar dare. Ba ta ji wani wari ba, domin hancin da ya kwana cikin wari sabawa yake yi da shi. Ta lalubi buta, ta fita ta ƙofar ɗaki ta yi alwala a bakin rariya, iskar hunturu ta wanke mata hanci. Tana cikin alwalar ne Hajiya ta tura ƙofar falo don ta tashi jikokinta salla. Zulai ta jiyo ta tana tsaki tana cewa wannan ai mushen ɓera ne, yaran zamani da rufe taga, ɗaki sai ka ce ba mace a ciki. Sannan ta ji takunta ya nufi sashenta.

Kunya ta kama Zulai, ta yi sauri ta shiga falon don ta ga abin da ya mutu. Tana sa ƙafa warin ya mare ta. Ta tsaya cak. Ta durƙusa ta kai hancinta kusa da ƙasa, ta ji ya ninka. Da ta kasa kunne sai ta jiyo wani siririn huci daga kicin, ba ya yankewa.

Wayarta na hannunta, babban yatsanta har ya kai kan tocila, ta janye shi. Ta cilla wayar waje kan tabarma. Ba ta taɓa makunnin bango ba, duk da ta san an ɗauke wuta. Ta wangale ƙofar falo, ta fincike tsumman ƙasan ƙofa, ta ɗauki Abba a kafaɗa, ta ja Ummi da hannu, ta kai su can bakin zaure. Ta ce wa Ummi ta leƙa ta gaya wa almajirin da ke kwana a zaure ya cire fis ɗin gidan yanzu-yanzu, domin firji na nan a jone, in aka kawo wuta da kansa zai tashi. Sai ta ja dogon numfashi ta riƙe, ta koma cikin duhu, ta bi bango da hannu har ta taɓa sanyin tukunya, ta lalubi regileta ta rufe. Hucin ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ta tura tagar kicin da ta falo, ta fito tana haki, ta ɗauki butarta don ta wanke fuska.

A nan ne ta hango ja-ja a cikin duhu, yana tahowa daga sashen Hajiya.

Hajiya ce da kaskonta. Ta tone garwashin jiya, ta ƙara gawayi, ta fifita shi har ya yi jawur, ta zuba turaren da take ji da shi, wanda ba ta fitarwa sai baƙi na musamman. Tana tafe a hankali, hannu biyu riƙe da kaskon a kan faifai, iska na kwasar tartsatsi tana watsawa gabanta. Ba da mugun nufi ta taho ba. Rufin asiri ta zo yi wa surukarta, kada gari ya waye wata maƙwabciya ta shigo ta ji ɗakin amarya na wari.

Zulai ta ruga ta tare ta a tsakiyar tsakar gida, ta zube a gabanta ta ce, "Hajiya, ina kwana." Hajiya ta amsa ba ta tsaya ba. Zulai ta ce, da muryar nan tata da ba ta wuce tabarma, "Hajiya, don Allah kada a shiga da wuta. Gas ne." Hajiya ta ce, "Gas ɗin me, 'yar nan? Gas da ake girki da shi kullum ban taɓa jin ya yi wari ba. Ni za a gaya wa wari? Ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Matsa in turara miki, in gari ya waye a nemo shi." Ta ratsa ta gefenta ta ci gaba.

Tsakanin Hajiya da ƙofar falo bai fi taku goma ba. Ƙofar a wangale take, abin da ya kwana yana taruwa a ciki yana malalowa waje ta ƙasa, ba mai ganinsa.

Daren da za a kawo Zulai gidan nan, gwaggonninta sun zaunar da ita sun yi mata faɗa har ta yi kuka. Yi na yi, bari na bari. Uwar miji uwa ce, ba a musu da ita, ba a ɗaga mata murya, ba a shan gabanta. Wata bakwai ta riƙe wannan, kuma da shi ta samu duk darajar da take da ita a gidan. Ta san abin da za a ce in ta karya shi. Ta san labari zai riga rana isa Kaduna, mahaifiyarta za ta rasa inda za ta sa kanta, wataƙila ma Habu ya dawo da takarda a aljihu. Kuma wa ya tabbatar mata? Ta rufe tukunya, ta buɗe tagogi, watakila iska ta riga ta kwashe. Watakila Hajiya ta shiga ta fito lafiya, ita kuwa ta zama marar kunyar banza a kan abin da bai faru ba. In ta yi shiru ba wanda zai taɓa zarginta, ko me ya biyo baya, domin ta faɗa an ƙi ji. Ta yi tunanin ta riƙe mata zani, ta ga in Hajiya ta yi tuntuɓe garwashin gaba zai watse, wajen ƙofa. Ta yi tunanin ta yi ihu, ta ga kafin wani ya fito an gama shiga. Hajiya ta ƙara taku biyu.

Zulai ta miƙe, ta sha gaban surukarta, ta cire murfin buta, ta juye ruwan duka a cikin kaskon.

Garwashi ya yi cuuu, tururi da toka suka tashi suka bule wa Hajiya fuska. Baƙin ruwa ya gangaro ta faifai ya jiƙa mata farin zanen sallarta. Zulai ta karɓe kaskon daga hannunta, ta kai shi can gindin katanga ta kife, ta dawo ta durƙusa, kanta a ƙasa, jikinta na rawa. Hajiya ta daɗe a tsaye. Da ta buɗe baki abin da ta ce kawai shi ne, "Ni kika yi wa haka?" Zulai ta ce, "Ki gafarce ni, Hajiya. Amma ba za a shiga ba." Ita kanta ba ta san tana da wannan muryar ba.

Hajiya ta juya ta koma ɗakinta. Ba a fi minti goma ba yaran maƙwabta suka kwashe da ihun an kawo wuta. Kowane gida a layin ya haskaka, ban da nasu.

Kafin hantsi labari ya zaga. Maƙwabciyarsu Talatu, wadda katanga ɗaya ta raba su, ita ta fara shigowa. Ta zauna a ɗakin Hajiya tana tafa hannu tana cewa dama ita tun farko ba ta yarda da shirun nan ba, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Ta ce ita ma da gas take girki shekara uku, wani lokacin takan ji ɗan wari, me ya same ta? Hajiya ba ta tanka ba. Ta ƙi karɓar kokon da Zulai ta aiko da shi.

Zulai kuwa tun da gari ya yi haske ta ɗauki wayarta ta je can bakin zaure ta kira kawunta. Ya tambaye ta ko akwai wuta da ta kama, ko wani ya suma, in haka ne ta kira 112 tun kafin shi. Ta ce babu. Ya ce kada kowa ya shiga, kada a kunna fanka da sunan korar wari, a bar ƙofofi a buɗe, ga shi nan tafe. Wajen ƙarfe goma ya iso da jakar kayan aikinsa. Ya fara zuwa ya gaida Hajiya, ya ba ta haƙuri a kan zanenta, sannan ya roƙe ta alfarma ɗaya, ta fito ta zauna a inuwa ta ga abin da zai yi. Don girmansa ta fito. Talatu ma ta biyo ta.

Ya fito da tukunya da murhu da tiyo tsakar gida, ya sa aka kashe duk wata wuta da ke gidan. Ya rataya tukunyar a ma'auni, ya duba nauyin da aka buga a jikinta, ya tambayi yaushe aka ɗura. Zulai ta ce shekaranjiya. Ya ce to, ban da girkin kwana biyu, wajen kilo biyu ba sa nan. Ya kaɗa ruwan sabulu a roba har ya yi kumfa, ya shafa da soso a bakin tukunya, da wuyan regileta, da inda tiyo ya haɗu da murhu, sannan ya bi tiyon kaf. Ya buɗe kan tukunya. Ko'ina shiru, sai wuri ɗaya a tsakiyar tiyo. Nan kumfa ta fara kumbura, ƙwai ya tashi ya fashe, wani ya taso a bayansa, wani ya biyo. Ya rufe, ya goge wurin, ya miƙa wa Hajiya. Ga sawun haƙora nan jere, ƙananan huda uku.

Hajiya ta ce, "Ashe dai ɓeran ne." Kawu ya ce, "Shi ne, Hajiya, sai dai da ransa." Ya yi mata bayani cewa abin da ke cikin tukunya ruwa ne, in ya samu hanya ya zama iska yakan kumbura kusan ninki 250. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba, in ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko na ashana, ko na makunni, ko na firji. Hajiya ta saurara har ya gama. Tambaya ɗaya ta yi masa, ta ce shi wannan abu, da ya fita, ina ya tafi? Ya ce ƙasa ya kwanta. Ta waiwaya ta dubi falon. Ƙofa a buɗe take, ana hango katifar yaran a shimfiɗe a ƙasa, bargon Abba a yaye yadda aka ɗauke shi.

Ta daɗe tana juya tiyon a hannunta. Can ta kai shi hancinta ta shaƙa, ta yamutsa fuska, ta sake shaƙa a hankali yadda take yi wa sabon turare. Ta ce, "Ba mushe ba ne. Mushe yana da zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, wannan ba shi da shi. Na riƙe shi." Ta ce wa Kawu ya yanko mata guntun ta ajiye.

Kawu ya sa sabon tiyo, ya ɗaure bakinsa biyu da ƙarfen ɗauri. Ya ce tukunya ba ta son ɗaki rufaffe, ba ta son a kwantar da ita, ba ta son kusa da rariya. Hajiya da kanta ta aika aka kira magini. Kafin la'asar an huda bango, an yi wa tukunyar ɗan keji a waje mai rufi, iska na ratsa shi ta ko'ina. Ta sa Ummi ta zo ta rufe regileta ta buɗe a gaban Kawu har sau biyar, sannan ita ma ta sa hannu ta gwada. Da magariba ta aika a kawo mata tuwon amarya, ta cinye, ta mayar da kwano ba ta ce komai ba.

Kwana uku bayan haka Habu ya dawo. Tun a bakin layi aka tare shi da rabin labarin, rabin da ke da buta da farin zane. Ya shigo ko takalmi bai cire ba yana ƙwala wa Zulai kira. Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi. Ta ce, "Kai, wa ya aike ka?" Ya ce an gaya masa abin da aka yi mata. Ta ce, "Ni aka yi wa, ko kai? Na kawo maka ƙara?" Ya yi shiru. Ta ce in yana neman aikin yi, ga shi: ya nemo mata kyanwa, kuma in ya koma kudu ya sayo atamfa turmi biyu iri ɗaya, ɗaya nata ɗaya na 'yarta. Habu ya tambaya wace 'yar. Ta nuna masa ƙofar kicin da carbi.

Washegari da hantsi Hajiya ta yafa mayafi, ta ɗaure guntun tiyon a bakin zane, ta ce wa Zulai ta kaɗa ruwan sabulu a roba ta ɗauko soso ta biyo ta. Suka yi sallama a gidan Talatu. Talatu ta fito da fara'a tana shimfiɗa tabarma, Hajiya ta ce ba zama ya kawo su ba. Ta wuce kai tsaye bakin kicin, ta dafa bango ta sunkuya, ta ja iska sau biyu. Ta ɗago ta dubi Talatu, wadda ke riƙe da kwalin ashana za ta ɗora sanwa.

Ta ce, "Ajiye ashanar nan, Talatu. Buɗe taga. Amarya, zo ki rufe mata kan tukunya."